Darasin Ƙyallen Jafan Ga 'Yan Kasuwarmu: Riba Tana Cikin Ƙunshin Da Ke Komowa

A duk lokacin da shekara ta doshi ƙarewa, ko kuma Sallah ta gabato, ofisoshin bankuna da kamfanoni da manyan shaguna a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano sukan cika da kwandunan kyauta waɗanda ake aika wa abokan hulɗa. Kowane kwando an naɗe shi da leda mai sheƙi, an liƙe da salatef, an ɗaure masa baki da igiyar roba mai launi. Wanda aka aika wa yakan yage wannan ado cikin ƙasa da minti guda, masinja ya tattara ya kai bola, daga can kuma iska ta kwashe shi zuwa magudanar ruwa. Kuɗin naɗin yana nan a rubuce cikin littafin akanta, amma da wuya a sami manajan da ya taɓa tambayar abin da kamfaninsa ya samu da shi, domin an ɗauka cewa haka kyauta ta gada.

Mutanen ƙasar Jafan suna da wata tsohuwar dabara ta naɗe kyauta da ƙyalle, wadda suke kira furoshiki, kuma a 'yan shekarun nan ta sami karɓuwa a Turai da Amurka a wurin masu neman rage shara. A ganina akwai darasi a cikinta ga ɗan kasuwar Nijeriya, amma sai an yi hattara wajen ɗaukarsa. Amfanin wannan ƙyalle, ga aljihu da kuma ga muhalli, ya rataya ne kan abu guda, wato yawan lokutan da aka sake aiki da shi. Duk wanda ya kwaikwayi kyawun ɗaurin ya manta da wannan sharaɗi, to ya ƙara wa kansa kashe kuɗi ne kawai, ya kuma ƙara wa bola kaya.

Shi furoshiki ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya, an kalmashe bakinsa. Ba shi da hannu, ba shi da zif, ba shi da maɓalli. Ana saƙa shi da siliki ko auduga, yanzu kuma har da zaren roba. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara lura da shi shi ne cewa girmansa sananne ne a kasuwar Jafan. Akwai ƙarami na kimanin santimita 45 zuwa 50, wanda ake ƙunshe kwanon abincin rana ko ambulan ɗin kuɗi da shi. Akwai matsakaici na santimita 68 zuwa 70, wanda shi aka fi kai kyauta da shi. Sannan akwai manya na santimita 90 zuwa sama da mita guda, na ɗaukar tufafi da sayayya. Ƙa'idar zaɓe kuwa mai sauƙi ce: a so tsawon kayan ya kasance kamar kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin kusurwa da kusurwar da ke fuskantarta.

Sirrin aikin yana wurare biyu, kuma kowane tela zai gane su nan take. Na farko, ana ɗora kayan ne a karkace, domin yadi yana ɗan miƙewa idan aka ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, saɓanin in an ja shi ta tsawo ko ta faɗi, kuma wannan miƙewa ita ke sa ƙyallen ya rungumi kayan ko da wace irin siffa ce da su. Na biyu shi ne ƙullin da suke kira mamusubi, wanda ƙulli biyu ne a jere, na farko dama bisa hagu, na biyu hagu bisa dama. Ba ya zamewa komai nauyin kaya, amma da an ja baki guda ta inda ya dace sai ya warware. Da wannan ƙulli da ƙyalle guda ana naɗe akwati, ana ɗaure kwalba biyu su sami mariƙi, ana ɗaukar kankana, ana haɗa littattafai, ana kuma mai da shi jakar rataye.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. A birnin Nara akwai wani rumbun ajiya na katako da ake kira Shosoin, a harabar wurin ibada na Todaiji, inda aka adana kayan Sarki Shomu tun shekarar 756, kuma a cikin abubuwan da suka saura har yau akwai ƙyallayen da aka ƙunshe kayayyaki masu daraja da su. Sunan furoshiki daga baya ya zo. A harshensu furo shi ne wanka, shiki kuma shimfiɗawa. Ana ba da labarin cewa wani mai mulki na ƙarni na 14, Ashikaga Yoshimitsu, ya gina gidan wanka a birnin Kiyoto, hakiman da yake gayyata kuma sukan ƙunshe tufafinsu a ƙyalle mai tambarin gidansu don kada su cakuɗe da na wani. A zamanin da ake kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, gidajen wanka na jama'a suka yawaita a birane, talaka ma ya riƙa ƙunshe kayansa ya tafi, sunan ya bi ƙyallen har ya zauna.

Sai dai waɗanda suka fi cin moriyarsa a wancan zamani 'yan kasuwa ne. Masu sayar da yadi suna bin gidajen abokan cinikinsu da ƙunshi a baya. Masu ba da hayar littattafai haka suke yawo unguwa-unguwa. Shahararrun masu tallar magani na yankin Toyama sukan jera kwandunansu su ɗaure cikin babban ƙyalle su ratsa ƙasar da shi. Shaguna kuma suna rina alamarsu a jikin ƙyallen, ta yadda duk inda yaron shago ya bi da kaya, jama'a sun san daga inda suka fito. Ke nan tun kafin a san allon talla, ƙyallen ya zama mazubi, ya kuma zama talla mai tafiya da ƙafarta, kuma sau ɗaya ake sayensa a yi shekaru ana mora. A yankin Izumo har amarya akan yi wa nata na musamman, rinin shuni mai tambarin dangi, ta kai kayanta gidan miji da shi, ya zauna a gidan tsawon rayuwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ladabin kai kyauta a wurinsu. Jafanawa suna da lokuta biyu na musayar kyauta a shekara, ochugen a tsakiyar shekara da oseibo a watan Disamba, inda ake gode wa maigida a wurin aiki da malami da abokin ciniki. A tsohuwar ƙa'ida, miƙa kyauta tsirara rashin ladabi ne, don haka mai kyauta yakan ƙunso ta a furoshiki. Idan ya isa, aka gaisa, sai ya kwance da hannunsa, ya juya kyautar ta fuskanci mai gida, ya miƙa da hannu biyu, ya ninke ƙyallensa ya koma da shi gida. Ba a yaga komai ba, ba a zubar da komai ba, ƙyallen kuma yana jiran kyauta ta gaba. A yau da yawa sukan bar wa mai karɓa ƙyallen a matsayin wani ɓangare na kyautar, amma da niyyar shi ma ya yi aiki da shi.

Kada mai karatu ya zaci Jafanawa sun riƙe wannan al'ada ba yankewa. Bayan yaƙin duniya na biyu, da manyan kantuna suka fara raba jakar takarda, daga baya kuma leda, furoshiki ya koma kayan tsofaffi, aka jefa shi ƙasan adaka. Ƙasar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa yawan naɗe-naɗe, inda akan sa kowane biskit a ledarsa, a jera a faranti na roba, a sa a kwali, a naɗe kwalin, sannan a saka a jaka. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya sa Jafan a matsayi na biyu, bayan Amurka, wajen yawan sharar robar naɗe kaya da kowane mutum guda ke zubarwa. Saboda haka ba waliyyan muhalli muke magana a kansu ba. Mutane ne da suka yi watsi da abin hannunsu kamar yadda muka yi, sannan suka waiwayo.

Waiwayen ya faro ne da kalma guda. A 2005 Wangari Maathai, 'yar ƙasar Kenya wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 2004 saboda aikin dashen itatuwa, ta ziyarci Jafan, ta ji kalmar mottainai, wadda ke nufin takaicin ganin an ɓarnatar da abin da bai gama amfani ba, ta ɗauke ta ta yaɗa a duniya. A 2006 ministar muhalli ta lokacin, Yuriko Koike, wadda ta zama gwamnar Tokiyo a 2016, ta fito da wani furoshiki da aka saƙa da zaren tsofaffin gorunan roba, aka ƙawata shi da zanen wani tsohon mai zane na zamanin Edo, Ito Jakuchu. Ma'aikatarta ta kuma buga takarda guda mai hotuna da ke nuna hanyoyin ɗauri fiye da goma. Daga ranar 1 ga Yuli, 2020, doka ta wajabta wa shaguna su riƙa karɓar kuɗin leda, yawanci yen 3 zuwa 5, kuma ba a daɗe ba kimanin kashi uku cikin huɗu na masu sayayya a ƙananan kantunan ƙasar suka daina karɓarta. Galibinsu jakar yadi suka koma wa, amma masu saƙa furoshiki su ma sun sami sababbin masu saye.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Yadi ba ya faɗowa daga sama. Noman auduga yana shan ruwa da taki da maganin ƙwari, kaɗi da saƙa da rini kuma suna cin wuta. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin rabonta a ɗumamar yanayi ya gaza na ledar kanti da aka yi aiki da ita sau ɗaya aka yar. Gaskiya ne binciken bai sa toshewar magudanai ko mutuwar dabbobi a ma'auninsa ba, waɗanda su ne suka fi damunmu a nan. Duk da haka saƙonsa a fili yake. Kamfanin da ya yi odar dubban ƙyallaye sababbi na yadin roba mai araha, ya naɗe kyauta, aka kwance aka jefar, bai taimaki kowa ba, garin neman gira ya rasa ido. Ƙyalle yana cin sunansa ne idan ya daɗe yana zagayawa, ko kuma idan an yanko shi daga yadin da dama can bola za shi.

To, shin wannan baƙon abu ne a wurinmu? Ko kusa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kwanon Sallah. Uwa takan zuba abinci, ta rufe da faifai, ta ɗora wa yaro ya kai maƙwabta. Can a juye, a wanke kwanon, a mayar da shi, sau da yawa da nasu abincin a ciki, yaro kuma ya sami tukwici. Babu wanda ya taɓa jin an ci mutuncinsa don an karɓi kwano, hasali ma komowar kwanon ita ke ɗaure zumunci. Dillaliya da ƙunshinta a zane take bin gidaje. Fatake a huhu suke kawo goro daga kurmi, an lulluɓe shi da ganye. Lefe kansa sunan kwando ne na kaba kafin ya koma jerin akwatuna. A ɓangaren ciniki ma mun san kwalbar lemo, wadda mai shago ba ya bari a tafi da ita sai an ajiye kuɗi ko an kawo wata. Tunanin mazubi mai komowa namu ne tun fil azal, leda ce ta zo ta raba mu da shi cikin 'yan shekaru.

Abin da ledar ta jawo kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Kowace damina magudanan biranenmu sukan toshe, ruwa ya shiga shaguna da rumbunan ajiya, asarar ta faɗa kan ɗan kasuwa. Mahauta a mayanka sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da awaki, dabbar da ta ci ta kuwa takan rame ta faɗi a farashi tun kafin ta kai kara. Hukumomi sun fara motsi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani. A gida, gwamnatin Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na farin soso a watan Janairu na 2024, daga ranar 1 ga Yuli, 2025 kuma ta fara tilasta hani kan wasu kayan roba na amfani sau ɗaya, har da siraran ledoji. A watan Yuni na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana irin waɗannan kaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Ko an yi sakaci wajen aiwatarwa, alƙiblar ta bayyana, kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa ba ya jira sai jami'ai sun tsaya a ƙofar shagonsa.

Yanzu bari mu zo kan sana'ar kanta. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato kusan mita biyar da rabi, faɗinsa kuma ya ɗara mita guda. Idan aka yanka shi da lura, har da rarar kalmasa, zai ba da ƙananan ƙyallaye kimanin 20 masu santimita 50, ko kuma manya guda 5 masu sama da mita ɗaya. Mai karatu ya raba kuɗin turmi a kasuwar garinsu gida 20, ya ɗora ladan tela, ya kwatanta da abin da ake caji wajen naɗe kyauta guda da leda da takarda mai ƙyalli, sannan ya tuna cewa ɗaya mutuwarsa minti guda, ɗayan kuwa shekaru. Wannan ma idan sabon yadi aka saya ke nan. A kowane shagon tela akwai buhun ragowar yadi da ake sharewa, musamman a makonnin da ke gaban Sallah da Kirsimeti. A wurin 'yan sari akwai ƙarshen bandir da turamen da suka sami tabo a gefe ko yayinsu ya wuce. Waɗannan su ne ainihin jarin wannan sana'a, domin ana samunsu da rahusa, kuma ba a noma ko kaɗa sabuwar auduga dominsu ba. Ƙananan yankuna ma ana iya harhaɗa su a ɗinke su zama ƙyalle guda mai ban sha'awa.

Me Jafanawa suka yi wanda mu ba mu yi wa ƙunshinmu ba? Sun mai da shi haja. Sun tsayar masa da girma, ta yadda mai saye ya san abin da zai tambaya, mai ɗinki kuma ya san abin da zai yanka. Sun kyautata kalmasa, domin bakin da ke zarewa shi ke fara kashe ƙyalle. Sun ba kowane ɗauri suna, sun zana shi a takarda don wanda bai iya ba ya koya cikin minti biyar. Sun kuma ɗaga darajarsa, har mai kuɗi ba ya jin kunyar riƙe shi a titi. Wannan na ƙarshe shi ne babban aikin da ke gabanmu, domin a idon mutanenmu da yawa ƙunshi alamar ƙauyanci ne, leda mai tambarin kanti kuwa alamar wayewa. Irin wannan ra'ayi daga sama yake sauyawa. Ranar da babban banki ya aika wa manyan abokan cinikinsa turare ko dabino ko littafin ajiye bayanai a ƙunshe cikin rinin Ƙofar Mata, ko adiren Abekuta, ko saƙar Akwete, daga ranar ƙunshi ya tashi daga kayan ƙauye.

Akwai hujjojin da za a kawo na suka, kuma sun cancanci amsa. Wani zai ce a al'adarmu idan ka kai wa babba kyauta ka kwance ka tafi da ƙyallenka, za a ce maka marowaci. Haka ne, kuma ba dole sai mun kwafi ladabin Jafan harafi da harafi ba. Tsakanin dangi da maƙwabta, da kuma tsakanin shago da abokan cinikinsa na kullum, ƙyalle zai iya komowa kamar yadda kwano da kwalba suke komowa, shago ma yana iya rage wani abu ga wanda ya dawo da nasa. A kyautar girmamawa kuwa sai a bar shi, da sharaɗin ya zama abin da za a so a ajiye. Ƙyalle mai mita guda ɗankwali ne a wurin uwargida, ko shimfiɗar tebur. Ƙarami kuma zai ɗauki kwanon abincin ɗan makaranta shekara guda cur. Wannan ne ya sa nake gargaɗin kamfanoni da su guji cika shi da tambari da lambar waya, haka ma masu biki su guji buga hoton ango da amarya a tsakiyarsa. Babu mai naɗe wa surukinsa kyauta da tallar wani banki. Ƙaramar alama a kusurwa ta wadatar, kuma ita ce za ta fi daɗewa a idon jama'a.

Wani kuma zai ce ƙyalle ba ya riƙe nama ko kifi ko manja ko koko, ba ya kuma tare ruwan sama. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a yi musunta ba. Ko da yake a Jafan ana yin wani irin furoshiki da ruwa ba ya ratsa shi, ba shi ne abin da nake kira a fara da shi ba. Maganar a nan ta busassun kaya ce: tufafi, takalma, turare, littattafai, kwalin alewa, kayan rabo a wurin biki da suna, kyautar ƙarshen shekara. Wannan kaɗai kasuwa ce babba. Matsalar ledar ruwan sha da ta 'yan cefane daban take, maganinta ma daban. Haka nan dole marina su san cewa shunin da ke zuba, wanda ake so a jikin turkudi, aibi ne a ƙyallen da za a naɗe farar shadda da shi. Sai an wanke an tabbatar launi ya kama kafin a kai kasuwa, in ba haka ba oda ɗaya za a yi a daina.

Suka mafi nauyi ita ce ta asalin yadin. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, unguwar Kakuri ta zama cibiyar saƙa da ake ji da ita a Afirka ta Yamma, amma daga farkon shekarun 2000 yawancin masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da tsadar aiki da kwararowar yadin waje. Mafi yawan atamfar da ke Kantin Kwari a yau daga ƙetare take zuwa, musamman daga Sin. Mai suka zai ce ashe dai za mu sauya ledar waje da yadin waje ne. Ba zan ce ƙyallen naɗe kyauta zai tayar da masaƙun Kaduna ba, wannan yaudara ce. Amma ko da yadin na waje ne, yanka da kalmasa da rini da ɗauri duk a nan za a yi su, ladan kuma zai shiga hannun tela da marini da matan da ke ɗinki a cikin gida. Mai ba da oda kuma yana da ikon ya sa sharaɗin a yi masa da farin yadin gida ko saƙar hannu, wanda hakan zai kai wani abu ga manomin auduga na Funtuwa da Gusau. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yawancin ramukanta a bushe suke saboda ƙarancin ciniki. Odar kamfani guda ta ƙyalle dubu, sau biyu a shekara, ba ƙaramin abu ba ce a wurin waɗanda suka rage a bakin aikin.

Akwai ma kasuwar waje ga wanda ya ƙware. Kamfanin Lush na Ingila, mai sayar da sabulu da kayan shafa, ya daɗe yana sayar da ƙyallayen naɗe kyauta waɗanda ya ce daga furoshiki ya samo dabararsu, kuma a 2018 birnin Tokiyo ya shirya baje kolin furoshiki a dandalin da ke gaban ofishin magajin garin Faris. Masu saye a can suna neman launi da labarin inda kaya suka fito, mu kuwa muna da duka biyun. Amma ba za su karɓi ƙyallen da girmansa ya bambanta daga wannan zuwa wancan ba, ko wanda ɗinkinsa ya karkace. Wanda bai iya gamsar da banki a Abuja ba, kada ya yi mafarkin kanti a Landan.

Saboda haka kirana ga ɓangarori uku ne. Jami'an sayen kaya na bankuna da kamfanoni su ware ko da kashi ɗaya cikin goma na kyautar bana su gwada ta da ƙyalle, su sa 'yar takarda mai hoton ɗauri biyu ko uku a ciki, bayan wata shida kuma su tambayi waɗanda suka karɓa ko ƙyallen yana nan yana aiki, domin wannan amsa ita ce ma'aunin nasara. Ƙungiyoyin teloli da marina da na 'yan kasuwa da masu masana'antu su zauna su amince da girma uku da za a san su a ko'ina, su kuma tsara yadda za a riƙa tattara ragowar yadi maimakon ƙona shi. Gwamnatocin da ke hana leda kuwa su tuna cewa hani ba tare da madadi ba fasa-ƙwauri yake haifarwa, don haka su fara da kansu, a kyaututtukan da suke rabawa a taruka da bukukuwa.

Jafanawa suna da wani salon magana: idan mutum ya cika baki da alkawarin da ya fi ƙarfinsa, sai su ce ya shimfiɗa babban furoshiki. Ba na son a zarge ni da haka. Ƙyalle mai kusurwa huɗu ba zai share magudanan Legas ba, ba zai kuma mayar da ma'aikata Kakuri ba. Abin da zai iya yi shi ne ya mai da kuɗin da muke yagawa mu zubar kowace shekara ya zama ladan tela da marini, ya kuma bar wa wanda aka yi wa kyauta abin da zai riƙa tuna mai kyautar da shi. Jarin farawa bai wuce keken ɗinki da almakashi da buhun ragowar yadi ba, lokacin kyauta na gaba kuwa yana tafe. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai a zuba ta a mazubin da mai saye zai yarda da shi.